Alƙawarin kyauta ga talaka da ɗaukar nauyin 'yan gudun hijirar Siriya: aljihu ɗaya zai iya?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana tattalin arziki da masu aikin agaji ce. Ana yawan cewa jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu a Turai da Amurka suna yi wa jama'a alƙawarin karatu kyauta, magani kyauta da ƙarin albashi, kuma su ne dai a kan gaba wajen cewa a buɗe wa 'yan gudun hijirar Siriya ƙofa. Abokan hamayyarsu na cewa lissafin ba ya fita, dole ɗaya ya cinye ɗaya. To nawa ne ainihin kuɗin ɗaukar nauyin ɗan gudun hijira guda? Ina kuɗin ke tafiya? Da gaske ne talakan ƙasar ne ke biya? Abin ya shafe mu, domin mu ma a Katsina ga mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Batsari, Safana, Jibiya da Faskari, kuma duk kakar zaɓe irin waɗannan alƙawura muke sha.

Malamin Tsimi:

Wa alaikumus salam. Malam, sai an fara gyara tushen tambayar kafin a shiga lissafi. Wadda ta buɗe ƙofa mafi faɗi a Turai a 2015 ba 'yar gurguzu ba ce. Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus a lokacin, ita ke jagorantar jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin riƙau, kuma a shekarar mutum kusan 890,000 suka shiga Jamus neman mafaka, 'yan Siriya ne rukuni mafi yawa a cikinsu. A Suwidin kuwa, inda jam'iyyar ma'aikata ta Stefan Löfven ke mulki, an karɓi kusan 163,000, amma kafin shekarar ta fita gwamnatin da kanta ta tsaurara doka, ta koma duba takardu a kan iyaka. A Denmak, Mette Frederiksen ta ci zaɓen 2019 da hujjar cewa idan ana son riƙe tallafin da ake bai wa 'yan ƙasa, dole a rage baƙi, kuma gwamnatinta ce ta fara janye izinin zaman wasu 'yan Siriya da suka fito daga yankin Dimashƙ. Ke nan su kansu masu wannan ra'ayin bakinsu bai zo ɗaya ba.

Sai kuɗi. A Satumban 2015 gwamnatin tarayyar Jamus ta amince ta riƙa bai wa jihohi yuro 670 a wata kan kowane mai neman mafaka daga 2016, har a yanke hukunci kan takardarsa. A shekara yuro 8,040 ke nan, kuma wannan kason tarayya ne kawai, jihohi da ƙananan hukumomi suna cikawa. Abin da tarayya ta riƙa kashewa kan harkar gaba ɗaya daga 2016 ya haura yuro biliyan 20 a shekara, amma a ciki har da kuɗin da ake turawa ƙasashen da rikicin yake da maƙwabtansu. Mafi tsada shi ne masauki. Da farko har ɗakunan motsa jiki na makarantu aka mayar wurin kwana, kuma duk abin da aka yi haya cikin gaggawa tsada yake yi: gadaje, masu gadi, masu dafa abinci, masu tafinta. Bayan masauki sai asibiti, sai ajin koyon Jamusanci, wanda sa'a 600 ne na harshe da sa'a 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa.

Abin da ya sa Jamus ba ta girgiza ba: ta shiga 2015 da rarar kuɗi a kasafinta, kuma masana'antunta na neman hannu. Ba ta yanke fansho ba, ba ta ƙara haraji saboda wannan ba. Kuma tana da tsarin rabon baƙi tsakanin jihohi, kashi biyu cikin uku bisa harajin da jiha ke tarawa, kashi ɗaya bisa yawan jama'arta, don kada nauyin ya faɗa kan gari guda.

Inda nake son a tsaya a duba shi ne bambancin nau'in kuɗin. Kuɗin ɗan gudun hijira a farko yake da nauyi, yana raguwa idan mutum ya kama aiki. Cibiyar binciken ƙwadago ta gwamnatin Jamus, IAB, ta gano cewa bayan shekara biyar da zuwa, kusan rabin waɗanda suka shigo a wancan zangon suna aiki, kuma adadin ya ci gaba da hawa, sai dai mata suna baya sosai. Yau likitoci 'yan Siriya fiye da 5,000 ke aiki a Jamus, sun fi na kowace ƙasar waje yawa. Alƙawarin karatu kyauta ko ƙarin albashi ba haka yake ba. Da zarar an fara, duk shekara sai an biya, kuma ƙaruwa yake yi da yawan jama'a da tsadar kaya. Wanda ya haɗa su a ma'auni ɗaya ya ce ɗaya ke hana ɗaya, bai yi lissafi daidai ba. Abin da ke ɗaukar alƙawarin kyauta haraji ne: ƙasashe irin su Jamus da Suwidin suna tara kusan kashi 40 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, Najeriya kuwa kusan kashi 10 take tarawa.

Hajiyar Rafin Daɗi:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ya tsaya a Turai, alhali mafi yawan 'yan Siriya ko ƙasar Turai ba su taka ba. Turkiyya ta ɗauki fiye da miliyan 3.5. Labanan, ƙasa ƙarama, rajistar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haura miliyan 1 a 2014, gwamnati kuma ta ƙiyasta miliyan 1.5. Jodan ta yi wa fiye da 600,000 rajista. Nan ne nauyin yake, kuma ba masu alƙawarin zaɓen Landan ko Washington ne suka ɗauke shi ba.

Ga abin da ake saye da kuɗin a matakin gaggawa, bisa ƙa'idar da masu agaji ke bi: aƙalla lita 15 na ruwa ga mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, abinci mai kalori 2,100, da murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi. Sansanin Za'atari da aka buɗe a Jodan a Yulin 2012, wanda daga baya ya tsaya a kan mutum wajen 80,000, ko a mafi ƙarancin ƙa'ida yana buƙatar lita miliyan 1.2 kullum. Shekaru aka yi ana kai ruwan da tanka, ana kwashe na masai da tanka, kafin a shimfiɗa bututu. Tanka ita ce hanya mafi tsada, amma ita ake bi saboda masu ba da kuɗi na shekara ɗaya-ɗaya suke bayarwa, su kuma mahukunta ba sa son a gina abin da zai nuna zama ya yi tsawo. Haka ake ƙona kuɗin gini a kan man mota.

Abinci kuma, a Labanan katin sayen abinci na Hukumar Abinci ta Duniya ya kasance kusan dala 27 ga mutum a wata a wancan zangon. Ku kwatanta da yuro 670 na Jamus: kuɗin wata guda can ya kai abincin shekara biyu a Labanan. Gaskiya ba abu ɗaya suke saye ba, na Jamus har da ɗaki da magani, amma tazarar ta isa a gane inda kuɗi ya fi auki. Duk da arhar, ba a cika ba. A ranar 1 ga Disamban 2014 hukumar ta dakatar da katin mutum miliyan 1.7 saboda giɓin dala miliyan 64. A tsakiyar 2015 aka zaftare na Labanan ya koma dala 13.5. A watannin da suka biyo baya ne kwale-kwale suka cika tekun da ke tsakanin Turkiyya da Girka. Ba yunwa kaɗai ta tura su ba, akwai rashin makarantar yara da rashin izinin aiki da yanke ƙauna kan ƙarewar yaƙin, amma rowar miliyoyi ta taimaka wajen jawo kashe biliyoyi. A Nuwamban 2015 Tarayyar Turai ta yi wa Turkiyya alƙawarin yuro biliyan 3, a yarjejeniyar Maris na 2016 kuma ta yi alƙawarin ƙara wasu 3.

Daga cikin kuɗin ne aka fito da katin Kızılay, na ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Turkiyya, wanda a ganina shi ne abin koyi. Ana zuba wa iyali kuɗi duk wata, da farko lira 100 kan kowane mutum, su cire a na'urar banki su sayi abin da suke buƙata. Babu sito, babu ɗan kwangilar shinkafa, babu layi a rana, kuma kuɗin a shagon ɗan gari yake ƙarewa. Rauninsa shi ne hauhawar farashi: da lira ta faɗi, ƙarin da ake yi bai riƙa cim ma kuɗin haya ba.

Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne izinin aiki. Turkiyya ta ba da dama a Janairun 2016, amma mai kamfani ne zai nema wa ma'aikaci, sai bayan wata shida da rajista, a lardin da aka yi rajistar, kuma kada 'yan Siriya su wuce kashi 10 na ma'aikatan wurin. Mai kamfani ya ga ɗauka a ɓoye ya fi masa arha, don haka mafi yawa suka ci gaba da aiki ba takarda, ba haraji, ba kariya. Jodan ta yi alƙawarin izini 200,000 a taron Landan na Fabrairun 2016, Turai kuma ta sassauta mata sharuɗɗan shigar da kaya idan masana'anta ta ɗauki 'yan Siriya kashi 15. Masana'antu kaɗan ne suka amfana, saboda suna nesa da inda mutanen ke zaune kuma albashin bai taka kara ya karya ba. Sai da aka yafe kuɗin takarda, aka bari a karɓi izinin noma ta hannun ƙungiyoyin manoma ba tare da ɗaure mutum ga ubangida ɗaya ba, sannan adadin ya motsa.

Badauri:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Malam kuma, ranka ya daɗe, a nan zan saɓa maka. Ka amsa tambayar baitulmali, ba ka amsa tambayar talaka ba. Kasafin ƙasa na iya ɗaukar abu, unguwa ta kasa. Baƙon da ya zo ba shi da komai ba ya sauka a unguwar masu hali. Ɗakin haya mafi arha yake nema, aikin lebura da na gona yake nema, asibitin gwamnati da makarantar gwamnati yake zuwa, kuma duk waɗannan na talakan gari ne. A Labanan noma, gini da shara aka ƙyale wa 'yan Siriya, wato dai ayyukan da marasa ƙarfi ke ci da su. Mai gida ya samu ɗan haya, mai gona ya samu ma'aikaci mai arha, lebura ya samu abokin gogayya. A Labanan da Jodan sai da aka raba makarantu kashi biyu, 'yan gari da safe, yaran Siriya da yamma, abin da ya rage wa wasu makarantun lokacin karatu. Idan ɗan siyasa ya ce babu wanda zai yi asara, bai faɗi gaskiya ba, kuma wannan musun ne ya ba jam'iyyun ƙin baƙi ƙuri'a. Ɗaya daga cikinsu, AfD, ta shiga majalisar tarayyar Jamus karon farko a 2017.

Akwai kuma wanda ke biya ba a ganinsa, wato mu. Dokar OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta yarda ƙasa mai arziki ta lissafa kuɗin da ta kashe wa ɗan gudun hijira a cikin gidanta na wata 12 na farko a matsayin tallafin ƙasashen waje. A 2015 kusan kashi ɗaya cikin uku na tallafin Suwidin a cikin Suwidin ya ƙare. Birtaniya, da David Cameron ya yi alƙawarin ɗaukar 'yan Siriya 20,000 cikin shekara biyar, daga asusun tallafi ta biya kuɗin shekarar farko. Wannan asusun shi ne ke sayen rigakafi da abincin yara masu tamowa a ƙasashe irin namu. Kuma gwamnatin jam'iyyar ma'aikata ta Labour ce a Birtaniya a Fabrairun 2025 ta sanar za ta rage tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa don ƙara wa tsaro.

Game da alƙawari kuwa, Girka ta isa misali. Jam'iyyar Syriza mai ra'ayin gurguzu ta ci zaɓe a Janairun 2015 da alƙawarin kawo ƙarshen tsuke bakin aljihu. A Yuli jama'a suka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 61 suka ƙi sharuɗɗan masu bin bashi, amma mako guda bayan haka firaministan lokacin, Alexis Tsipras na Syriza, ya karɓi sharuɗɗa masu tsanani don samun bashin ceto na kusan yuro biliyan 86. A shekarar ce mutum fiye da 800,000 suka sauka a tsibiran ƙasar. Ba su ne suka karya alƙawarin ba, bashi ne ya karya shi, kuma ƙasar ba ta da ikon buga kuɗin kanta.

Mu ma mun ga irinsa. A 1979 gwamnatin PRP ta Balarabe Musa, lokacin Katsina da Daura suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, ta soke haraji da jangali. An cire wa talaka ƙaya, domin zaluncin da ake yi wajen karɓa ba ɓoyayye ba ne. Amma ba a kafa wata hanyar shiga da ta maye gurbinsu ba, ƙananan hukumomi suka koma jiran kason tarayya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ma yaran da suka fito sun zarce ƙiyasi, aka rasa azuzuwa da ƙwararrun malamai, da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 albashin malamai ya riƙa maƙalewa. Manufar mai kyau ce, ni ina goyon bayanta har gobe, amma ba a ɗaura ta a kan kuɗin shiga mai ɗorewa ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai. To a aikace, wanne daga cikin wannan ya dace da namu mutanen da aka koro?

Na Jibiya:

Malam, farko a san matsayinsu a doka. Wanda ya tsallaka iyaka, kamar mutanenmu da suka shiga Jihar Maradi daga 2019, shi ne ɗan gudun hijira a dokar duniya, kuma UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na da hurumi a kansa. Can ma ba a kafa musu manyan sansanoni ba, an matsar da wasu nesa da iyaka zuwa garuruwa irin su Garin Kaka da Chadakori, aka inganta ruwa da makaranta da asibiti don su da 'yan gari tare. Wanda ya baro ƙauyen Batsari ya shigo cikin Katsina kuwa ɗan ƙasa ne, nauyinsa na kan gwamnatinsa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala a 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati wannan alhaki ƙarara. Kada a jira wani daga waje.

Mataki na farko rajista ce, gida-gida, tare da masu unguwanni, domin yawancinsu a gidajen dangi da kangaye suke, ba a fili ɗaya ba. A rubuta yawan mutanen gida, shekarun yara, garin da aka baro da sana'a, a haɗa da lambar NIN. Inda ake samun matsala: da yawa sun gudu ba takarda, mata da yawa ba su da asusu ko waya, kuma idan aka bar jerin a hannun 'yan siyasar mazaɓa sunayen bogi ke cika shi. Maganinsa a kai masu rajistar NIN wurin a ranar, a kuma karanta jerin a bainar jama'a kafin a biya.

Na biyu, kuɗi a hannu ya fi buhu in dai kasuwa na ci, kuma a ba uwar gida. A ɗaura adadin a kan farashin kwanon gero da masara, a riƙa dubawa duk wata uku, musamman daga Yuni zuwa Satumba da hatsi ke tsada. Inda hanya ta yanke kasuwa ta mutu, nan ne ake kai hatsi.

Na uku makaranta, kuma ga yadda lissafinta yake. A ce yara 7,000 ne suka ƙaru. A malami ɗaya ga yara 35, malamai 200 ake buƙata. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, naira miliyan 168 ke nan a shekara, ban da alli, benci da ƙarin girma. Ajin yamma yana rage kuɗin gini, ba ya rage na malami. Kuɗin gini kuma akwai shi a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka.

Maganar Badauri ita ce ta huɗu. Duk rijiyar burtsatse ko maganin da za a kai, a kai wa unguwar gaba ɗaya, kuma a sa gidajen da suka sauki baƙi cikin masu karɓar tallafi. Manomi kuma gona yake so. Aron fili na damina ɗaya ko biyu a wuri mai tsaro, da rubutacciyar yarjejeniya gaban hakimi, da iri da taki kafin ruwan farko, ya fi ciyar da shi shekara arha nesa ba kusa ba. Idan takin ya zo a Agusta an yi asarar kuɗin.

Malamin Tsimi:

Badauri ya yi gaskiya kan wanda nauyin ke sauka a kansa, na karɓa. Amma hakan hujja ce ta a kashe kuɗi a unguwannin da suka karɓi baƙi, ba ta a rufe ƙofa ba. Ga mai son auna alƙawarin ɗan takara, ya ninka da kansa. Tallafin da aka sanar a 2023 bayan cire tallafin mai, naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, naira tiriliyan 1.125 ne, na wata uku kacal. Wanda ya ce zai mayar da irinsa na dindindin, tiriliyan 4.5 yake magana a kai duk shekara. A tambaye shi daga wane haraji, ko wane aiki zai soke, ko wa zai ranta masa kuma a kan ruwa nawa.

Hajiyar Rafin Daɗi:

Ƙari kan na Malam Na Jibiya. Kanada ta cika alƙawarin Justin Trudeau na 'yan Siriya 25,000 a ƙarshen Fabrairun 2016, wata biyu bayan wa'adin da ya ɗauka, kuma kaso mai yawa ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ba. Tsarinsu ya yarda mutum biyar ko wata ƙungiya su sa hannu cewa za su riƙe iyali guda na wata 12: haya, abinci, sa yara a makaranta, raka maigida neman aiki. Sai sun nuna kuɗin a ƙasa kafin a ba su iyalin. Mu muna yin fiye da haka a Katsina da Daura, sai dai ba a rubuce ba, shi ya sa mai masauki ke gajiya shi kaɗai ba wanda ya sani. Kwamitin masallacin Juma'a na iya ɗaukar gidaje biyar ko goma a rubuce, da wa'adin shekara, a ware musu daga zakkar hatsi a lokacin kaka, a sa mutum biyu su riƙa zagayawa duk wata suna duba haya da makarantar yara. A wata na tara a zauna da kowane gida a ga ko za su koma, ko gona za a nema musu, ko jari, tun wa'adin bai cika ba.